Huji Uku a Tankin Maiturare

Mahmudu Maigandi yana da tabarau, amma ban da matarsa Zinariya da likitan da ya auna masa ido, babu mai wannan labari a faɗin Madina. Mutumin da ya gaji bin sawu wurin ubansa, wanda makiyaya ke zuwa har unguwarsu ta Anbariyya su ɗauka a mota in raƙumi ya ɓata, ba zai fito da gilashi a karan hanci kamar magatakarda ba. Sai ya sa aka ɗinka wa tabarau aljihu ta cikin riga. In an kira shi aiki yakan ce kowa ya ja da baya kada a taka masa ƙasa, in sun yi nisa ya ba su baya, ya tsuguna, ya saƙala. Mutane suna cewa addu'a yake yi. Bai taɓa gyara musu zance ba.

Su huɗu ne abokan farauta, duk haihuwar Madina, jikokin mutanen da suka tako daga ƙasar Hausa zuwa hajji suka zauna. Akwai shi Mahmudu, da Abdussamad Maiturare mai lambu a Jurf, can bayan gari, da Ɗanlami direban bas ɗin alhazai, da Abdulrauf mai shagon darduma kusa da Masallacin Manzo. Duk Alhamis sai su cika wanet, motar kayan Abdussamad, da ruwa da shayi da ƙananan bindigogin harbin zomo, su fita har su wuce iyakar Harami, tunda ba a farauta a cikinta.

Wata biyu ke nan suna musu ɗaya. Sun yi ittifaƙi cewa dogon harsashin da suka saba da shi ne ke ba su kunya, don haka a sauya. Abdulrauf ya ce a koma wani sabo mai gudu da ya gani a Jidda. Ɗanlami ya ce gajere ya fi, ba ya ƙara, zomo ba zai ji na farko ya tsere kafin na biyu ba. Abdulrauf ya ce wannan abin ko ƙadangare aka harba da shi, kaɗa kai zai yi ya ci gaba da shan rana.

Ana cikin wannan ne, ranar wata Talata bayan la'asar a shekarar 1402 ta Hijira, Abdussamad ya taka birki a ƙofar gidan Mahmudu, bai ko kashe mota ba.

"Yalla, ya shehu, taso! An harbe mini tanki."

"An harbe wa?"

"Tanki! Tankin ruwa!"

"Ya mutu?"

"Mahmudu, yau ba ranar wasa ba ce."

*

Tankin na kwano ne, tsoho, yana zaune kan dakali a bayan shingen rassan dabino. Can ƙasa-ƙasa a jikinsa ga huji uku kusa da juna, tafin hannu ɗaya zai rufe su. Ruwan ya tsiyaye kaf, ya kwashe kwamin na'a-na'a guda shida ya mai da su taɓo. Ma'aikatan lambunan maƙwabta sun taru, kowa da nasa. Wani ya ce 'yan hamayya ne. Wani ya ce tsatsa ce. Mafi yawa dai idonsu na kan Rabo.

Rabo mutumin Damagaram ne, shekararsa shida yana kula da lambun, iƙamarsa, wato takardar zamansa, tana ƙarƙashin sunan Abdussamad. Yana tsaye da takalmin roba har gwiwa, ya rungume hannu.

"Maigida, na rantse maka," in ji shi. "Da hantsi na kai na'a-na'a cikin gari. Na dawo bayan la'asar na tarar da haka."

"Wa ke da makullin ɗakin ajiya in ba kai ba?" Abdussamad ya daka masa tsawa. "Wa ya san inda bindigar lambu take? Tattabaru ka tsaya harbi, na sani. Kalas, shi ke nan! Ranar Asabar ofis na buɗewa zan kai fasfonka a buga maka fita ba dawowa."

Kowa a wurin ya san wata guda ke nan da aka ba Rabo izinin kawo matarsa Lauratu, har ya shafe ɗakinsa da farar ƙasa.

Mahmudu ya ce a kawo bindigar lambun. Ya juya wa jama'a baya, ya yi "addu'arsa", ya leƙa bakinta, sannan ya miƙa wa Abdussamad.

"Duba nan. Zanzaro ya gina ɗaki a ciki, har ya bushe. Wannan bindigar rabonta da tashi tun bara."

Abdussamad ya duba, ya ɗan yi sanyi, amma mutum ne da ba ya son fushinsa ya tafi a banza.

"To ya ari ta wani. Yana da abokai a duk lambunan nan."

"Ba ni zuwa Alhamis."

"Na ba ka. Amma Asabar tana nan."

Kusa da tanki ruwa ya shafe kowane sawu. Mahmudu ya kori mutane, ya bi ta gefen da hujin ke kallo, ya tarar da ganyen shinge ya tsage a wuri biyu, ya zagaya bayansa. Taku ashirin daga nan ga kututturen dabino, an ɗora masa gwangwanin madara. Gwangwanin lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ya ƙara taku goma sha biyar a kan layin, ya tsuguna.

Nan mutum ya tsaya, da takalmin fata mai zoben babban yatsa, irin wanda rabin mazan Madina ke sawa, har da shi Mahmudu. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne mutumin bai tsaya kawai ba. Ya durƙusa sau uku, ga gurbin gwiwa nan. A daidai gurbin kuma ga kwanson harsashi uku a tare. Ya tsince su. Gajeru ne. Ɗaya bakinsa ya lotse, da wani ɗan baƙin tabo a gefe.

"Malam, gwangwanin nawa ne," in ji Rabo daga nesa. "A bola na jefa shi."

"Ban tambaye ka ba, Rabo. Kada ka riƙa taya su."

*

Gajeren harsashi mutum ɗaya ke da shi. Ranar Laraba da safe Mahmudu ya sami Ɗanlami a tasha yana wanke gilashin bas, ya buɗe masa tafin hannu.

"Nawa ne," in ji Ɗanlami nan take, har da alfahari. "Ina ka samo su?"

"A lambun Abdussamad. Su suka huda tanki."

"Suka huda kwano?" Ɗanlami ya jefar da tsumma. "Allahu akbar! Ka gaya wa Abdulrauf? Ƙadangare, ko? To ga ƙadangare!"

"Ɗanlami, kai ake zargi."

"Ni? Tun daren Litinin ina hanyar Makka da Turkawa arba'in da biyu, jiya bayan isha na sauke su. Je ka tambaye su, in kana jin Turkanci."

"Wa ka ba harsashin?"

"Wa zai karɓa? Ba ku kuka yi ta yi mini dariya ba ranar Alhamis? Kwalin ya zaga hannun kowa, kowa ya ɗaga ya yi tsaki. Da na dawo gida na ga kamar ya ragu, na ce ko a rairayi suka zube."

Wato Rabo, da bai taɓa bin su daji ba, ba shi da hanyar samunsu. Amma Abdussamad zai ce ya tsinta a cikin wanet, tunda shi ke wanke ta. Mahmudu ya roƙi harsashi biyu. Ɗanlami ya ba shi biyar, ya raka shi da wa'azi kan falalar gajere har bakin titi.

Daga nan ya gangara tsakiyar gari. Abdulrauf na zaune a shago tsakanin tarin darduma, ƙato ne mai murya kamar lasifika. Da Mahmudu ya miƙa hannu sai ya ba shi tsintsiyar hannu, kamar yadda ake yi in mutum na cikin cin abinci.

"Ma'alesh, yi haƙuri, hannun da maiƙo. Na ji abin da ya faru. Kai, abu bai yi daɗi ba."

"Da gajeren harsashi aka yi."

"Gajere?" Abdulrauf ya yi dariya, ta ɗan fi ƙarfin zancen. "Ba zai yiwu ba. Kuma ai ka sani, bindiga mai ɗura wa kanta irin tamu ba ta cin gajere. Albarushinsa bai kai ya tura sakata baya ba. Kwanson sai ya maƙale."

"Ashe? Ban sani ba."

"Kowa ya sani. Ni dai a ce wa Abdussamad ya yi haƙuri da yaron nan. Tankin ma ya tsufa."

Wata Baturkiya ta shigo tana taya darduma, Mahmudu ya yi sallama.

Ya leƙa shagon turaren Abdussamad ma, don adalci. Maƙwabtansa uku suka shaida cewa ranar Talata bai motsa ba sai salla, har aka kawo masa labarin tanki. Mutum na huɗu da ya taɓa kwalin shi ne Mahmudu kansa, kuma ya wanke kansa cikin sauƙi: daga inda aka tsaya, ba tabarau, ko kututturen ba zai gani ba.

*

Da rana Zinariya ta ajiye masa abinci, ta ga ya jera kwanso uku a kan tabarma yana kallo.

"Malam, sa idonka mana. Ba kowa a gidan."

Ya saƙala tabarau.

"Abin da ban gane ba, Zinariya, mutum ya yi harbi ya durƙusa, ya yi harbi ya durƙusa. Me yake nema a ƙasa?"

"Ka gwada mana ka gani. Ku da kullum musu, ba mai gwadawa."

Bayan la'asar ya ɗauki bindigarsa ya hau tasi zuwa bayan Jurf, ya taka har inda babu gida babu tanki. Bindiga irin tasu, in ta tashi da dogon harsashi, da kanta take cilla kwanso can dama, taku uku ko huɗu, ta ɗura wani. Ya sa gajere, ya auna wani dutse, ya ja kunama. Ta ce "tas", kamar an karya kara. Dutsen bai ji komai ba. Kwanso kuwa bai fita ba, ya tsaya rabi ciki rabi waje, sakata ta danne masa baki.

Tsaye abin ba ya ciruwa. Mahmudu ya durƙusa, ya ɗora bindigar a cinya, ya ja sakata da hagu, ya sa babban yatsan dama ya ƙwaƙulo kwanson, ya faɗi gaban gwiwarsa. Yana cikin murnar ya gano dalilin durƙuson, sakata ta kuɓuce.

Abin da ya faɗa a wannan lokaci ba a rubuta shi. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya tsotsi yatsa, ya kira sunan mahaifiyarsa da ta rasu shekara goma sha biyu. Farcen ya tsage, jini ya ɗiga a kan kwanso.

Ya ɗaure yatsan da gefen hankici ya fito titi. Wani mai lambu da ya san shi ya tsayar da mota, ya miƙo hannu. Mahmudu, ba tare da ya yi tunani ba, ya ba shi tsintsiyar hannu.

Sai ya tsaya cak. A shagon darduma ɗazu bai ga kwano ba, bai ji ƙanshin abinci ba. Ya fashe da dariya har mai motar ya tambaye shi ko rana ce ta taɓa shi.

*

Ranar Alhamis ba a fita daji ba. Mahmudu ya ce kowa ya zo lambu da azahar, Zinariya ta aiko da babban tire na shinkafa da naman rago. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar dabino, Rabo ya kawo shayi, ya koma gefe ya tsaya. Ma'aikatan maƙwabta suka jeru a kan katanga kamar masu kallon ƙwallo.

Mahmudu ya zube kwanso uku a tsakiya, ya yi bayani daki-daki: gwangwani, layin harbi, gurbin gwiwa.

"Wani daga cikinmu ya ɗebi gajere a kwalin Ɗanlami. Yana so ya gwada, amma ba ya so a gan shi. Ya san Talata Rabo na kai na'a-na'a. Ya zo ya kafa gwangwani, bai lura shinge na ɓoye tanki ba. Bindigar Ɗanlami tsohuwa ce, da hannu ake ja mata sakata, tana cin gajere lafiya, ba ta durƙusar da kowa. Wadda aka yi wannan aiki da ita mai ɗura wa kanta ce. Sau uku ta maƙale, a na ƙarshe ta cije shi." Ya ɗaga kwanson mai tabo. "Ga jininsa. Mu nemi mai ciwo a babban yatsan dama."

Idanu suka sauka kan hannun Mahmudu, da ke naɗe da tsumma kamar kan jariri.

"La ilaha illallahu," in ji Abdussamad. "Mahmudu! Kai?"

Ɗanlami ya kwanta a tabarma don dariya.

"Ya kama kansa! Wallahi ban taɓa ganin mai bin sawu irin wannan ba, ya bi sawu har cikin takalminsa!"

"Nawa na jiya ne, bincike ne ya jawo," in ji Mahmudu, ya kwance tsumman. "Ku duba, ja ne. Na shekaranjiya ya isa ya yi baƙi. Rabo, nuna hannunka."

Rabo ya miƙo duka biyu, ciki da bai. Kanta ce kawai da ƙasa.

"Ɗayyib, madalla," in ji Mahmudu. "Kawo buta a wanke hannu, abinci na hucewa. Bismillah, kowa ya sa dama."

Abdussamad ya wanke, Ɗanlami ya wanke. Abdulrauf ya gyara zama, hannun damansa na cikin aljihu tun isowarsa.

"Ku ci kawai. Ni azumi nake yi. Alhamis ce."

"Masha Allah," in ji Mahmudu. "Shekara talatin ina tare da kai, yau na fara ji. Shayin da ka sha finjali biyu ɗazu fa? Da hagu?"

Daga kan katanga wani ya ce, "Uku ne." Abdulrauf ya dubi tire, ya dubi sama, ya dubi Rabo da ke tsaye da buta. A kan Rabo idonsa ya daɗe. Sannan ya zaro hannun. Farcen ya yi baƙi ƙirin kamar dabinon ajwa.

"Gwangwanin na nufa," in ji shi, muryar lasifika ta koma ta rediyo mai raunin batir. "Na ga bai motsa ba, na yi zuciya na tafi. Da na ji labarin tanki, wallahi da farko ban kawo cewa ni ne ba."

Babu wanda ya tambaye shi dalili. Duk suka gyaɗa kai.

"Daga baya fa?" in ji Mahmudu.

"Daga baya kunya. In na faɗa, Ɗanlami ba zai bar ni in sha ruwa a garin nan ba. Na ce kafin Asabar zan lallashi Abdussamad." Ya juya. "Rabo, ka yafe mini. Na bar ka kwana biyu cikin wuta saboda bakina."

Abdussamad ya tashi, ya yi ta gyara rawani kamar a nan maganar ta maƙale. Daga ƙarshe ya je ya kama hannun Rabo da hannu biyu.

"Na zalunce ka, ɗan'uwa. Ka yi haƙuri. Ranar Asabar zan je ofis ɗin, amma takardar Lauratu zan bi."

"Ba komai, Maigida, ya wuce," in ji Rabo. Ya nuna kwamin da suka zama taɓo. "Sai dai na'a-na'ar nan ba za ta dasa kanta ba."

Nan take aka yanke hukunci: Abdulrauf zai kawo mai walda, kuma zai zo da kansa ya dasa kwami shida a ƙarƙashin umarnin Rabo, da takalmin roba. Aka jawo Rabo kan tabarma, Abdussamad ya tura masa tsoka mafi girma. Abdulrauf ya karya azuminsa da yatsu huɗu.

Ana tsakiyar ci ya matso kusa da Mahmudu, ya rage murya.

"Ya shehu, da gaske ne duk ukun tafin hannu ɗaya zai rufe su?"

"Da gaske ne."

"Daga taku talatin da biyar?"

"Ta cikin shinge ma."

Abdulrauf ya miƙe zaune, ƙirjinsa ya dawo.

"To ku ji. Wannan ba aikin harsashi ba ne, aikin hannu ne."

"Hannun wa?" Ɗanlami ya zabura. "Harsashina ne! Ka yi wata biyu kana zaginsa!"

"Harsashin da ke cin yatsa? Ku dubi Mahmudu!"

Musu ya tashi sabo fil. Suka ɗunguma zuwa tanki da maiƙo a hannu, kowa na auna hujin da tafinsa. Abdulrauf ya roƙi kada mai walda ya toshe sai ya kawo mai hoto. Mahmudu ya ba su baya ya yi 'yar addu'arsa, don shi ma yana so ya ƙara ganin aikin da kyau. Kafin la'asar an raba gardama: gajere na mai tsohuwar bindiga ne, masu ɗura wa kansu su zauna kan dogo, sabon na Jidda kuma a gwada shi mako mai zuwa, can inda babu abin kowa.

Shekara tara suna fita farauta duk Alhamis. Tankin nan shi ne abu na farko da wani a cikinsu ya taɓa samu.